Lanƙwasar da Na Ƙara

Gargaɗi ga mai karatu

Kai da ka buɗe wannan ambulan, ko ke, ina raye ko bayan raina: zauna tukuna, ka goge hannunka, kuma kada ka karanta da gaggawa. Gaggawa da ganin na fi kowa sani su ne suka kusa raba ni da abu mafi daraja da maigidana ya bar min.

Sunana Lailatu, a Tudun Wada nake zaune, nan Minna. Na yi sakandare a Zariya a zamanin da ake dukan yatsu a kan harafi ɗaya. Maigidana mai gyaran agogo ne, bara Allah ya yi masa rasuwa. A watanninsa na ƙarshe autarmu Amatullah ta riƙa naɗar muryarsa a waya, har kashi goma sha biyu. Da ta gama jami'a, yayanta Umar Faruk ya ba ta sabuwar kwamfuta, irin wadda ake rufewa kamar littafi, ta zuba muryar a ciki. Sai aka tura ta hidimar ƙasa wani ƙauyen bakin ruwa a Bayelsa, inda babu wuta babu sabis, ta bar min kwamfutar. Dawuda, direban da ke kai albasa kudu daga Kasuwar Kure, shi ke kai wasiƙunmu yana kawowa.

Ba na aika takarda sai na ajiye kwafinta. Doguwar wasiƙar Amatullah ta farko kuwa na sake rubuta ta da hannuna, na mayar wa haruffa lanƙwasarsu, ban da layi ɗaya da na bari yadda ya zo. In ka iso wurinsa, ka dube shi da kyau.

*

Tudun Wada, Minna
9 ga Yuli

Amatullah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke sanar da ni hadari tun kafin ya haɗu. Yayanki da iyalinsa suna gaishe ki. Hajiya Muniratu maƙwabciyarmu ta ce in tambaye ki ko da gaske ne mutanen can kifi suke karyawa da shi.

'Yar takardar da kika aiko ta isowarki na karanta ta da ƙyar. Rubutunki har yanzu kamar kaza ta bi ta kan takarda. Mai digiri ce ke, ki gyara. Ki kula da sallarki a kan lokaci, kada ki shiga kwalekwale da wanda ba ki san sunan ubansa ba, kuma kada ki koyi dariya da ƙarfi a gaban mutane.

Yanzu maganar kwamfutarki. Na yanke wa kaina doka: kashi ɗaya kowace Juma'a bayan la'asar, ba ƙari. Abin da yake da iyaka ba a cinye shi a zama ɗaya. Na ji uku. A na ukun ne babanku yake ba da labarin yadda mahaifinsa ya sauka a tashar Minna da niyyar shan ruwa kawai, jirgi ya tafi ya bar shi, ya ce to, nan Allah ya ajiye ni. Na sha jin labarin nan har na gaji da shi yana raye. Amma ranar ruwa na sauka a kan kwano, agogon bango na falo yana ta bugawa, wannan da ya hana kowa buɗe bayansa, sai na ji kamar yana zaune a kujerarsa da gilashin nan a ido ɗaya, yana magana ba tare da ya ɗago ba. Har na ce masa shayinsa zai huce. Kada ki gaya wa yayanki.

Na ga kin sa wa na ƙarshen sunana. Ban taɓa shi ba, sai lokacinsa ya yi.

Abin da nake so ki bayyana min a rubuce, dalla-dalla: yaya ake kula da abin nan? Ranar da kika nuna min, hankalina yana kan kayanki. Ina jin tana wani huci a hankali daga ƙasanta, kamar jariri mai barci, cikinta kuma yana ɗumi. Lafiyarta ke nan ko ciwo?

Allah ya tsare min ke.
Mahaifiyarki,
Lailatu

*

Bayelsa
24 ga Yuli

Umma,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, har na ji ƙamshin turaren ɗakinki a jikinta. Ina lafiya, sauro ne kawai ya karɓe ni hannu biyu. Ki shafa wa gwiwar man zafi. Ki ce wa Hajiya Muniratu da gaske ne, kuma har na saba.

Tunda rubutuna na kaza ne, yau an tayar da janareta a makaranta, na roƙi tsohuwar kwamfutar ofis na buga miki wannan. Ba ta da haruffanmu masu lanƙwasa, sai ki yi haƙuri.

Umma, nan ruwa ne titi. Da safe hazo yana kwanciya a kan kogi, sai ki ga yara cikin kayan makaranta suna fitowa daga cikinsa a tsaye, kamar a kan iska suke tafiya, sai sun matso ki ga kwalekwalen. Wani lokaci ina jin kamar ƙahon jirgin Minna daga nesa, alhali na san babu dogo a nan.

Akwai labari mara daɗi. Ran Asabar ni da Vivian, abokiyar hidimata, mun je gari karɓo wasiƙarki a rumfar masu albasa. A hanyar dawowa igiyar ruwa ta bugi kwalekwale, wayata ta suɓuce ta faɗa kogi. Ni ban ji ko ƙwarzane ba. Amma Umma, muryar Baba a wuri biyu take, wayar da kwamfutar. Yanzu saura wuri ɗaya, kuma yana hannunki. Na yi niyyar in kwafa a filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, kafin in taho, shiri ya sha kaina.

Hucin da kike ji fankarta ce, lafiya ce. Ga abin da za ki kiyaye. Kada kofin shayi ko kunu ya zauna kusa da ita. Kada ki ɗaga ta ta murfi, ki tallafe ta da hannu biyu. In hadari ya taso da tsawa, ki zare cajar daga bango, in an kawo wuta kuma ki ɗan jira ta daidaita kafin ki jona. Gilashin da busasshen ƙyalle mai laushi ake gogewa, ba da ruwan omo ba, na san ki. Kada ki bar kowa ya soka mata filashinsa, ko da malamin Islamiyya ne. Na saita ta yadda ko kin rufe murfin muryar za ta ci gaba, don ki riƙa ji kina aikinki. Kuma saboda jikokinki masu taɓe-taɓe:

In kin gama saurare ki kulle ta, ki kare ta daga kura.

Na ƙarshen da kika gani, ni ma ban san abin da ke ciki ba. Baba ne ya ce in kunna in fita in ja ƙofa, kuma shi ya ce in sa masa sunanki.

Ki gaida kowa.
Autarki,
Amatullah

*

Tudun Wada, Minna
12 ga Agusta

Amatullah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna lafiya, gwiwa ta yi sauƙi. Na yi sujadar godiya da waya ce ta faɗa ba ke ba. Amma da kin saka ta a jaka kamar yadda na sha gaya miki, maimakon riƙe ta a hannu kina ɗaukar hoton ruwa, da yanzu tana nan. Kada ki ce min ba hoto kike ɗauka ba.

Wasiƙarki sai da na zauna mata da jan biro. Lanƙwasa sittin da ɗaya na mayar. Kin ce in kare ta daga kura. Ki kwantar da hankalinki, tun da na zo Tudun Wada ban ga kura ba, sai dai ƙura. Laifin injin ne, na ji, amma ku 'yan Minna ko da baki haka kuke yi, ɗaki ya zama daki, ƙofa ta zama kofa. Babanku ma haka na same shi. Wasiƙarsa ta farko gare ni sai da na gyara masa ita na mayar masa.

Umarninki na bi shi ɗaya bayan ɗaya. Shayi ya bar falo gaba ɗaya. Ƙullewar ma na yi, kuma ba da tsumma ba. Na ciro shuɗin zanen nan mai kauri na saƙi, wanda kakarki ta ba ni ranar da aka kawo ni garin nan. Ina shimfiɗa shi ninki biyu, in ɗora ta a tsakiya, in haɗa bakin huɗu in ƙulle tam, ƙura ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga. Wayar cajar nake bari ta leƙo ta bakin ƙullin, don ta ci abincinta a suturce. Sai in ɗora ta kan gado in ja mata bargo. Ban taɓa ganin abu mai daraja da aka bari tsirara a kan tebur ba.

Kuma na gano wani abu. In na ƙulle ta yana cikin magana, muryar tana fitowa ta cikin zanen a dushe, kamar yana ɗaki na biyu yana yi wa wani bayani. Ran Juma'ar nan haka na yi da na takwas, na kishingiɗa kusa da ƙullin. Ɗuminsa har yana ratsa bargo, kamar gefen gadon da mutum ya tashi yanzu. Barcin rana ya ɗauke ni. Na gan mu ni da babanku a cikin jirgi, taragon cike da agogo, kowanne da nasa lokacin, jirgin kuma a kan ruwa yake tafiya, irin ruwanku mai hazo. Duwatsun Minna suna wucewa ta taga a hankali. Na ce masa, Malam, wanne ne daidai a cikinsu? Ya yi murmushi ya buɗe baki, sai kiran magariba ya tashe ni.

Hucin nata ya ƙaru kwanan nan, har da 'yar ƙara. Ina ganin sabo ne take yi da gidan.

Ki riƙe azkar ɗinki na safe.
Mahaifiyarki,
Lailatu

*

Tudun Wada, Minna
8 ga Satumba

Amatullah,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu jikinmu lafiya. Kusan wata guda ban ga amsarki ba. An ce ruwa ya cinye hanya a wajen Lakwaja, motar Dawuda tana can a tsaye. Ban san ranar da wannan za ta same ki ba, amma ba zan iya riƙe ta a ciki ba.

Shekaranjiya Juma'a lokacin na ƙarshen ya yi. Na yi wanka, na sa turare, abin da ban yi wa sauran ba. Na kunna. Ya yi gyaran murya, ya ce, “Lailatu. Na san a tsaye kike, zauna.” A tsaye nake kuwa. Na zauna. Ya ce, “Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, shekara talatin da takwas. Wasiƙar nan ta farko da na rubuta miki…”

Sai sallamar Hajiya Muniratu a tsakar gida, har ta kama labule. Kunya ta rufe ni. Mace mai jikoki, a same ta ta yi kwalliya tana sauraron namiji yana kiran sunanta! Na kife murfin, na ƙulle zanen da sauri, na tura ƙarƙashin filo, na danna bargo biyu a kai don kada sauti ya fito. Cajar tana jone. Hajiya ta ce surukarta ta sauka, in zo mu je barka. Na ce minti goma. Kin san barka.

Da na dawo gab da magariba, tun daga ƙofar ɗaki na ji ƙauri kamar an ɗora roba a wuta. Ƙullin ba ya taɓuwa don zafi. Na zare caja, na kwance, na yi mata fifita har hannuna ya gaji. Gilashin baƙi ƙirin. Na danna, na sake dannawa. Babu huci, babu haske. Ƙasanta ya ɗan kumbura, ba ta zama daidai a kan tebur.

Hajiya ta ce a binne ta a buhun shinkafa, haka ɗanta ya yi wa wayarsa. Na ce ba jiƙewa ta yi ba. Yayanki ban gaya masa ba.

Abin da ke ci na shi ne, murfin yana rufe amma shi bai daina magana ba, ke kika saita ta haka. Ya faɗi abin da ya ɓoye shekara talatin da takwas, ya faɗa wa zane da filo, ni kuwa ina can ina yaba hancin jaririn mutane.

Duk abin da kika rubuta na bi. Ki gaya min inda kuskuren yake, domin ni ban gan shi ba.

Mahaifiyarki,
Lailatu

*

Bayelsa
3 ga Satumba
(ta iso hannuna ran 17 ga wata)

Umma,

Gaisuwa, ina lafiya, ki yafe min gajartawa, mai kwalekwale yana jira. Yau wasiƙarki ta 12 ga Agusta ta iso. Da hannu nake rubuta wannan don kowane harafi ya fito.

Umma, ki KWANCE ta. Yanzu, kafin ki gama karantawa.

Kulle na ce, kulle irin na ƙofa, babu lanƙwasa. Maɓallan nan biyu da na nuna miki, waɗanda in an danna sai an sa kalmar sirri take buɗewa, don kada jikokinki su Hidaya su goge wani abu. Na nuna miki sau biyu, kina min faɗa a kan tsawon hijabina. Kura ce kawai ke neman lanƙwasa a layin nan, kulle daidai take.

Ramukan da ke ƙasanta hancinta ne. Ta nan take shan iska tana fitar da zafi. Ba a ɗora ta kan gado ko filo, balle a naɗe ta tana kunne, balle tana caji. Ƙarar da kike ji ba sabo ba ne, wahala ce. Ɗumin nan da kike ji, Umma, na san abin da yake tuna miki, na yi kuka da na karanta. Amma zazzaɓi ne.

In ta riga ta yi wani abu, kada ki ƙara danna ta, kada ki jona caja, kada ki ba masu gyaran waya na bakin titi. Ki kai wa Susan mai gyaran kwamfuta a Bosso, ajinmu ɗaya, shagonta na kallon inda keke ke sauke ɗalibai. Ki ce mata abin da ke ciki muke so, ba kwamfutar ba.

Allah ya sa wannan ta riga Juma'ar ƙarshe isowa.

Amatullah

*

Tudun Wada, Minna
22 ga Satumba

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna lafiya, ina fatan ruwa ya janye muku. Wasiƙarki ba ta riga Juma'ar ba, ta makara da kwana goma sha ɗaya. Na karanta ta a tsaye a zaure. Na ɗauko ta farkon na duba layin. Ga jan birona nan a kan kalmar, lanƙwasa kyakkyawa, irin wadda ake ba maki a kanta. Ba injin ba ne, ba ke ba ce. Ni na ƙara ta.

Washegari na hau keke zuwa Bosso, kwamfutar a cikin kwali, a buɗe. Na samu Susan ɗinki, 'yar siririya da ƙaramin sukudireba a bayan kunne. Ta ce, “Sannu Mama, kai ne maman Amatu?”

Na ce, “Ke ce ake ce wa mace.”

Ta ce, “To, ke ce ne maman Amatu?” Na ƙyale ta.

Ta juya kwamfutar, ta shinshina, ta ɓata fuska. “Wannan ya sha wuta. Me ka yi mashi?”

Na ce, “Ƙulle ta na yi.”

“Kulle ba ya kawo haka, Mama. Kowa yana kulle nashi.”

“Ba kulle ba. Ƙulle.”

“Eh, kulle.”

Sau uku muna haka, ɗalibai biyu da ke jira har sun fara murmushi. Sai na ciro shuɗin zanen daga jaka, na shimfiɗa a kan teburinta, na ɗora wani littafinta a tsakiya, na haɗa bakin huɗu na ɗaure. Ta dafe kai da hannu biyu. “Ah! Mama! Ka daure shi kamar kayan wanki! Kuma kana ba shi caji a ciki? Kamar ka toshe hancin mutum da filo kana dura mashi tuwo!”

Na kwance ƙullin na naɗe zanena. Shekaruna sittin da ɗaya, yarinyar da ba ta san bambancin kai da ke ba tana min faɗa, kuma gaskiyarta.

Ta kwance bayan. Ta nuna min fankar, ta cushe da shuɗin gashin zanen kakarki har ba ta juyawa. Batirin ya kumbura kamar burodi. Ta ɗauke shi a hankali ta sa a wani gwangwani, ta ce da na ci gaba da dannawa ko na jona caja, da gobara muke magana. Na ce mata abin da ke ciki nake so. Ta zaro wani ɗan abu bai fi yatsana ba, ta ce duk abin da kwamfuta ta sani a nan yake kwana, in zafi bai kai gare shi ba. Ta soka shi a tata kwamfutar. Muka zuba ido. Keke na ta wucewa, mai rake yana kira a waje, ni kuwa agogon hannun babanku da nake ɗaurawa kawai nake ji.

Sai sunaye suka jeru, goma sha biyu. Na ƙasan nawa ne.

Ta miƙo min abin sawa a kunne, ta kori ɗaliban waje, ita ma ta fita ta ja ƙofa. Yarinyar tana da tarbiyya, ki gaya mata na faɗa.

Ga abin da ya ce, na rubuta miki shi sau ɗaya, kada ki tambaye ni da baki:

“Wasiƙar nan ta farko da na rubuta miki, layi uku ce. A na ƙarshen na ce ina kaunarki, babu lanƙwasa. Bayan sati biyu kika dawo min da takardata. Ba ki ce eh ba, ba ki ce a'a ba, sai jan biro a kan harafin nan. Tun ranar kike cewa 'yan Minna ba mu iya rubutu ba, ni kuma ina cewa haka ne. To Lailatu, ni na zo na ɗaya a Hausa a ajinmu. Da gangan na bar ta. Na san yarinyar nan ko za a shekara ba za ta furta kalmar da bakinta ba, amma kuma ba za ta iya ganin ta a karkace ta wuce ba. Na ce bari in sa ta taɓa ta da hannunta. Kika taɓa. Ni amsata ke nan, ban nemi wata ba. Takardar tana bayan agogon falo. Yanzu kina iya tashi.”

Ban iya tashi ba. Shagon ya yi nisa, na koma taragon nan mai agogo, sai dai wannan karon duk lokaci ɗaya suke bugawa. Ban san daɗewar da na yi ba, sai da Susan ta ƙwanƙwasa ta ce, “Mama, ka gama?” Na ce mata na gama, kuma ban gyara mata ba.

Da na dawo gida na hau kujera da gwiwar nan tawa, na sauke agogon, na buɗe bayansa. Tana nan, an ninke ta huɗu, ta yi ruwan ƙasa. Jan ya koɗe ya koma kamar lalle, amma lanƙwasar tana nan inda na sa ta.

Kwamfutarki za ta tashi, in ji Susan, sai an sa sabon batir da fanka. Na kira yayanki na gaya masa komai da bakina, ban rage ba. Muryar yanzu tana wuri uku: a kwamfutar, a filashin da ke cikin akwatina, da wani a gidan yayanki. Zanen na wanke shi na mayar inda yake.

Ga dokar da na kafa, na rubuta ta da manyan baƙaƙe na liƙa a bangon falo, kuma ta hau kan kowa, har da ke in kin dawo, har da ni. Kwamfuta a kan tebur take zama, a kan katako tsirara, hancinta a buɗe. Ba ta hawa gado, ba ta shiga bargo. Ba a rufa mata ko ƙyalle sai an kashe ta, an zare caja, an taɓa an ji ta huce. Abin da ba a so a rasa ba ya kwana a wuri ɗaya. Kuma daga yau, a gidan nan, ba a ƙara wa kalmar wani lanƙwasa sai an tambaye shi abin da yake nufi. Kalma ɗaya ce kawai aka taɓa gyarawa ba tambaya aka dace, ita kuma mai ita ya riga ya karɓi amsarsa.

Ki kula da sallarki. Rubutun hannunki ya ɗan gyaru.

Mahaifiyarki,
Lailatu